Kada mu jira sai baki ya yi gyambo

Sau da yawa mashayin taba a Yamai ba ya tunanin dainawa sai ranar da dasashinsa ya soma zubar da jini, ko wani farin tabo ya fito a harshe ya ƙi ɓacewa. Tsoron da ke kama mutum a ranar nan abu ne mai amfani, muddin ya kai shi gaban likita. Gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, a nuna shi a asibiti, domin sankarar baki tana jin magani idan aka gano ta da wuri.

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki suna haddasa sankara. Tabar da ake cusawa a baki da kanwa ita ma tana cin dasashi. Amma wanda ya daina, cikin shekara 5 zuwa 10 haɗarin sankarar baki da maƙogwaro yakan ragu da rabi.

Nijar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta kuma kafa dokarta a watan Mayun 2006. Saura aiki da ita. Muna kira ga hukumomi su tsaya tsayin daka kan hana shan taba a wuraren jama'a, asibitoci kuma su tanadi masu ba da shawarar dainawa. Ku kuma matasan fada, idan abokinku ya ce ya bari, kada ku miƙa masa kara.