Ɗaure Fuska Ba Taƙawa Ba Ce

Wasu 'yan'uwa matasa sun ɗauka haɗe gira alama ce ta riƙon addini. Wannan kuskure ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa tunda Jarir bn Abdullah (RA) ya musulunta, Manzon Allah (SAW) bai taɓa ganin sa ba face ya yi masa murmushi. Ko masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka sun gano a 2006 cewa cikin ƙiftawar ido mutum kan yanke hukuncin amincewa da fuska ko ƙin ta. Don haka mai wa'azin da ya tunkari jama'a da fuskar shanu, an toshe masa kunne tun kafin ya yi sallama. Wa ya yi asara? Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Allah Ya sa a gyara.