Wa zai horar da masu koya wa iyaye renon 'ya'ya a Katsina?

Duk lokacin da aka tayar da maganar yaran da ba sa zuwa makaranta a Jihar Katsina, hankali yakan karkata ga gina ajujuwa da sayen kujeru da ɗaukar malamai. An kuma kashe kuɗi mai yawa a wannan fanni. Shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar da tallafin gwamnatin Birtaniya daga 2012 zuwa 2022 ya yi aiki a Katsina da wasu jihohi biyar na Arewa. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 a kan dala miliyan 500, ya sanya Katsina cikin jihohi bakwai na farko.

Sai dai yaro yakan shafe shekara biyar zuwa shida a gida kafin ya shiga aji ɗaya. A cikin waɗannan shekaru ne harshensa yake buɗewa, ƙwaƙwalwarsa take ginuwa, kuma abin da ya rasa a lokacin yana da wuyar cikewa daga baya. Hausawa sun daɗe da sanin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wa ke taimaka wa uwa da uba a kan wannan aiki, kuma wa ke horar da mai taimakon?

Tsohon tsari ya yi rauni

A garuruwa irin su Birchi da ke Ƙaramar Hukumar Kurfi, kusa da Dutsin-Ma, al'ada ta tanadi masu koya wa iyaye reno tun kafin a san da wata ƙungiya. Mace mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta, ta yi jego a hannun uwa ko kaka ko goggo, ta koyi wanka da shayarwa da goyo. Ungozoma tana leƙowa, malamin allo yana sa ido, maƙwabci yana tsawatarwa, domin ɗa na kowa ne.

Wannan tsari ya dogara ga zaman dangi wuri ɗaya, kuma zaman ne rashin tsaro ya tarwatsa. Kurfi da Dutsin-Ma suna maƙwabtaka da Safana da Batsari, yankunan da ke bakin dajin Rugu, waɗanda suka fi shekara goma suna fama da hare-haren 'yan bindiga. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma cikin gari, wasu a gidan haya, wasu a kangon da ba a gama ba. Magidanta sun tafi ci-rani, mata da dama sun rasa mazajensu. Yarinyar da ta haihu a irin wannan hali ba ta da kakar da za ta tambaya. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ya ƙara sa iyaye da yawa shakkar tura 'ya'yansu makaranta, nauyin tarbiyya ya sake komawa kan gida.

Doka kuwa tana nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sanya yara a makaranta, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya ƙi. Katsina ta yi dokar kare yara a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Amma binciken ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma sau da yawa a hannun waɗanda suka sani. Doka tana hukunta uban da ya yi laifi, ba ta koya masa yadda zai ladabtar da ɗa ba tare da ya ji masa rauni ba.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Kingston, babban birnin Jamaika. A tsakanin 1986 da 1987 masu bincike suka ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. An horar da ƙananan ma'aikatan lafiya, suka riƙa ziyartar wasu daga cikin gidajen sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake bibiyar yaran, aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Masu ziyarar ba likitoci ba ne. Horo aka ba su, aka kuma riƙa duba aikinsu.

A Jamhuriyar Nijar, Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara Makarantar Mazaje a yankin Damagaram, inda ake zaɓen magidanta masu mutunci a gari, a horar da su, su kuma zauna da 'yan uwansu maza a kan awon ciki da haihuwa a asibiti da kula da iyali. Darasin shi ne, a ƙasar Hausa ba a gyara gida a bayan idon maigida.

Ƙasar Hausa ma tana da nata tarihin. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta horar da jajoji, su kuma suka kai ilimi ga matan ƙauyuka. A zamaninmu, matan sa-kai da aka horar suka bi gida-gida a yaƙin da aka yi da shan-inna suna cikin dalilan da suka sa aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a Agustan 2020. Ke nan hanyar shiga gidajen tana nan, kuma jama'a sun saba da ita.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce yunwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Katsina a watanni shida na farkon 2025. Uwar da ba ta da abin ɗorawa a murhu ba za ta saurari darasin wasa da yaro ba. Dole mai koyarwa ya iya auna damtsen yaro, ya san asibitin da zai tura shi, a kuma haɗa shirin da tallafin abinci.

Ta biyu ita ce dogaro da baƙi. Rage tallafin da Amurka ta yi a 2025 ya nuna cewa shirin da ba shi da gurbi a kasafin jiha yana mutuwa ranar da mai bayarwa ya janye. Taron bita na kwana uku a otal, a raba kuɗin mota a watse, ba ya samar da malami.

Ta uku ita ce yarda. Manhajar da aka fassara daga Turanci ba tare da malaman addini da masu unguwanni sun duba ta ba za ta gamu da zargin da allurar rigakafi ta taɓa gamuwa da shi a 2003.

Dutsin-Ma tana da abin da ake buƙata a kusa. Akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Waɗannan za su iya tsara gajeren kwas da Hausa, mai takardar shaida, ga ungozomomi da malaman Islamiyya da 'yan ƙungiyoyin iyaye mata da kwamitocin kula da makarantu, tare da limamai da magidanta. Za a iya farawa da mazaɓu kaɗan kamar Birchi, a biya masu aikin alawus a kan kari, a sa mai duba su, a kuma auna nauyin yara da buɗewar harshensu da shigarsu makaranta kafin a faɗaɗa zuwa ƙananan hukumomi 34.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta nuna a 2023 cewa za ta iya ɗaukar matasa daga garuruwansu, ta horar da su aikin tsaro, ta biya su albashi. Irin wannan tsari ne renon yara yake buƙata, kuma a kasafin kuɗin ma'aikatun ilimi da lafiya da harkokin mata ne jama'a za su gane ko an ɗauki maganar da muhimmanci. Ɗan kasuwar da ke kukan yaran shago marasa amana, da ma'aikacin da ke tsoron bin hanyar Dutsin-Ma da yamma, duk suna da dalilin bibiyar wannan kasafi.