Kafin Ka Sayi Maganin pH, Yi Wa Tankinka Inuwa

Jama'a, masu haɗa kiwon kifi da shuka ganye a ruwa ɗaya, ni a ganina yawancin kukan pH da muke yi, rana ce ke jawo shi.

Ni ma na taɓa cin wuya. Tankin karfasata ya koma kore shar da gansakuka. Na auna da la'asar, na ga pH ya haura 8.5, sai na antaya sinadarin saukar da shi. Washegari da asuba na tarar da kifi a saman ruwa suna haki, wasu ma sun mutu.

Ashe da rana gansakuka na zuƙe iskar da kifi ke fitarwa, shi ya sa pH ke hawa. Dare na yi sai ta koma shan oksijin tare da kifin, pH ya sauko da kansa. Ni kuwa na ƙara masa sinadari a kai.

Don haka ka auna sau biyu, asuba da la'asar. In tazarar ta yi yawa, gansakuka ce. Rufe tankin da tabarma ko baƙar leda, ka bar kafar shan iska, ka rage abinci, don ragowarsa taki ce a wurinta.

Tsakanin 6.8 zuwa 7 ake so. In ya wuce 7.5 latas kan kasa samun sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya yi rawaya. In dole sai ka gyara, kada ka wuce 0.2 a rana.