Ajiyar Mutane a Hannun Lauyoyin Ingila

 Maganarmu ta yau a kan jam'iyyar lauyoyin Ingila ce, da yadda ta ke tafiyad da sha'aninta. Kada wani ya ce abin ya yi nisa, gama galibi attajirin da ya taɓa sayen gida a Landan, kuɗinsa sun kwana a hannun ɗayansu kafin su kai ga mai sayarwa.

Ku sani lauyoyin ƙasar nan iri biyu ne. Akwai barista, wanda aka fi sani da tsayuwa gaban alƙali. Akwai kuma solisita, shi ne mai rubuta takardun ciniki da na wasiyya, mai riƙe kuɗin mai saye har ciniki ya faɗa. A Nijeriya mutum guda ne ke ɗaukar aikin duka biyu. Shi solisita ya fi kama da fatoma a zango, wanda baƙo kan sauka gidansa ya danƙa masa jakarsa, ya tafi kasuwa da kwanciyar rai.

Jam'iyyar solisitoci, wadda su ke kira Law Society, an kafa ta a 1825, aka ba ta takardar izinin sarki a 1831, gidanta kuwa yana titin Chancery Lane. Tana da majalisa ta mutum kusan ɗari. Shugaba shekara guda ya ke yi, sa'an nan mataimakinsa ya hau. Aikinsu na kullum ba mai daɗin ji ba ne: zaman kwamiti, duban kasafi, shawara a kan kuɗin takardar izinin aiki da kowane lauya ke sabuntawa a watan Oktoba. To, a cikin wannan aiki mara armashi ne dukiyar mutane ke tsira ko ta halaka.

A da jam'iyyar ita ce mai magana da bakin lauyoyi, ita ce kuma mai sauraron ƙararsu. Mutane suka yi ta gunaguni, suna cewa an ba kura ajiyar nama. A 2004 Sir David Clementi ya ba gwamnati shawarar a raba ayyukan biyu, a 2007 aka kafa hukumar horo mai suna SRA, wadda ko da ya ke reshen jam'iyyar ce, tana da shugabanninta dabam. Mun yarda wannan daidai ne. Amma raba kujera bai isa ba, ga dalili.

Ƙa'idarsu ita ce kuɗin mutane su zauna a asusu dabam, kada su gauraya da na lauya. A gwada littafin ofis da lissafin banki aƙalla kowane mako biyar, akawu na waje kuma ya duba sau ɗaya a shekara. Sai dai tun 2014 aka sassauta, aka ce ba sai an aika wa hukuma da takardar akawun ba, sai in ya ga aibi a lissafin. Watau shiru ya zama shaidar lafiya ke nan. Wanda aka duba aka same shi sarai, da wanda bai kira akawu ba ko kaɗan, duka biyu hukuma ba ta jin motsinsu. Wane maigida ne zai yarda yaronsa ya dawo daga fatauci ya ce ba zai kawo lissafi ba sai ran da ya yi hasara?

A 2023 wani kamfanin lauyoyi mai suna Axiom Ince ya sayi kamfanoni biyu manya cikin 'yan watanni. Ba a jima ba aka tarar fiye da fam miliyan 60 na ajiyar mutane babu su, a watan Oktoba hukuma ta rufe shi. Masu sayen gida da masu jiran gado suka wayi gari hannu wofi. A 2024 hukumar da ke bisa SRA ta fid da sakamakon bincike, ta ce SRA ba ta yi abin da ya kamace ta ba a kan lokaci.

Wa ya biya? Tun dokar 1941 lauyoyin suna da asusun diyya, kowa na zuba rabonsa don a rama wa wanda aka ci amanarsa. A 2024 rabon mutum guda ya tashi daga fam 30 zuwa fam 90, na kamfani daga fam 660 zuwa fam 2,220. Masu ƙananan ofisoshi suka yi kuka, suka ce yaya mai gaskiya zai biya bashin maci amana. Kukansu yana da fuska. Amma a ganinmu biyan ya wajaba a kansu, domin da sunan jam'iyya kowannensu ke samun amincewar baƙon da bai taɓa ganinsa ba. Wanda ya ci riba da lamunin jama'a, ba ya zamewa ran da aka zo neman mai lamuni.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne sakacinsu da taron kansu. A watan Disamba 1913 ba mu ke nufi ba, a'a, 2013 ne, aka kira taro na musamman don a ce ba a amince da shugabannin jam'iyya ba, saboda yadda suka yi da gwamnati a kan rage kuɗin taimakon talaka a shari'a. Ƙuri'a 228 ta rinjayi 213, alhali lauyoyin sun haura dubu ɗari. Sauran suna ofis suna neman na kansu.

Shawararmu ga hukumarsu ita ce ta komo da aiko da takardar akawu kowace shekara, da aibi ko babu, ta kuma aika mai bincike duk sa'ad da kamfani ya haɗiye wanda ya fi shi girma. Kai kuma attajiri, kafin ka aika da kuɗin gida, ka nemi sunan lauyan a rajistar SRA, wadda kowa ke iya dubawa kyauta ta intanet, ka kuma roƙi shaida a rubuce cewa asusun da za ka zuba kuɗin na ajiyar mutane ne, ba na ofis ba.