Allon da ke bakin ƙofa ba shi ne shaida ba

Duk wanda ya taɓa zagaya tsohon garin Agadas an kai shi wani gidan ƙasa da ake kira gidan Heinrich Barth, aka nuna masa allo mai cewa a nan Bajamushen ya sauka. A unguwar Birni ta Damagaram ma ana nuna wa baƙo wurin da aka ce ya zauna. Mukan tsaya mu karanta, mu ɗauki hoto, mu wuce. Ba safai muke tambaya ba: wa ya tabbatar da cewa wannan gidan ne?

Zuwan mutumin dai babu shakka a kansa. Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, ya yi kamar mako uku. Ya iso Damagaram a ƙarshen Disamba na 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu na 1853. Duk wannan yana cikin littafin tafiyarsa mai juzu'i 5 da ya fito a 1857 da 1858. To amma sanin garin da mutum ya sauka daban, sanin ɗakin da ya kwana daban.

Mu da muka tashi cikin ginin ƙasa mun san halinsa. Kowace damina tana cin bango, a sake yaɓe. Ɗaki ya faɗi, a tada wani, wani lokaci ma a gusa da shi. Magada su raba gida, a toshe ƙofa a huda wata. Yau an haura shekara 170. Ko da filin shi ne, da wuya a rantse cewa bangon shi ne. A Tumbutu ta ƙasar Mali akwai alluna a gidajen Gordon Laing da ya zo a 1826, da René Caillié da ya zo a 1828, da shi Barth ɗin da ya iso a Satumba na 1853. Alhali shi da kansa ya rubuta cewa kwanaki da dama ya yi su ne a bayan gari, a zangon Shehu Ahmad al-Bakkay wanda ya ba shi kariya. Allo ba ya da wurin faɗar wannan.

Ba mu kaɗai ke da matsalar ba. A Landan, allon farko na irin wannan tsari an liƙa shi a 1867 don mawaƙi Byron, sai ga shi an rushe gidan a 1889. Yanzu ƙa'idarsu ita ce sai mutum ya shekara 20 da mutuwa, sai an bi takardu, kuma sai ginin yana nan tsaye kafin a sa allo.

Wani zai ce ina ruwanmu, tun da allon yana kawo baƙi, masu rakiya suna samun na cefane. Muna ganin akwai ruwanmu. Ɗan lakkal da malaminsa ya kai shi wurin zai haddace abin da ya gani a rubuce, gobe ya koya wa wani. Tun 2013 tsohon garin Agadas yake cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO, masana kuwa suna bin diddigi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka kama allo ɗaya da kuskure, har labaranmu na gaskiya sai a riƙa yi musu kallon tatsuniya.

Ba muna cewa a cire allunan ba ne, kuma ba mu ƙaryata iyalan da suka riƙe labarin kaka da kakanni ba, domin tarihin baka shi ma hujja ce. Muna cewa a rubuta gwargwadon abin da aka sani. In filin ne aka tabbatar, a ce "a wannan wuri". In daga bakin dattawa aka ji, a ce "bisa faɗar magabata". Ma'aikatar al'adu da magadan gari su nemi masanan cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni su gwada littafi da abin da mutanen unguwa ke faɗa. A kuma rubuta da Hausa da Tamajak, ba da Faransanci kaɗai ba.

Sannan mu dubi namu. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Turai, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a 1885 cikin littafin Schön. Yaranmu nawa suka san sunansa? Bubu Hama ya rasu a 1982, Abdullahi Mamani marubucin Sarauniya a 1993. Waɗanda suka san gidajen da suka zauna suna raye. Yanzu ne lokacin zuwa a tambaye su, a rubuta, a ajiye, tun kafin jikokinmu su shiga irin kokonton da muke ciki game da Barth.

Allah ya sa hukumomi su ji.