Wankin Haƙori a Asibiti Ba Ya Kawo Girgiɗi

Duk manomin da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi ya san halin wuta-wuta: kafin furenta ya bayyana, ta riga ta tsotse saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa. Haka ciwon dasashi yake. Ƙwayoyin cuta kan taru a gindin haƙori, su daskare su zama datti mai tauri wanda asuwaki da buroshi ba sa cirewa. Daga nan dasashi ya kumbura yana jini, ƙashin da ke riƙe da haƙori yana zaizayewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 19 cikin 100 na manya a duniya na fama da mai tsananinsa.

Maganin farko shi ne wanki mai zurfi. Likita zai auna ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi. Na mai lafiya ba ya wuce milimita 3. In ya zarce haka, sai ya kankare dattin har ƙarƙashin dasashi, ya goge saiwar ta yi santsi, galibi bayan allurar kashe zafi.

Mutane da yawa na gudun wannan aiki, wai yana sa haƙori girgiɗi. Wannan kuskure ne. Cutar ce ta ci ƙashin tun tuni, dattin ya lulluɓe ɓarnar. Ƙashin da ya tafi kuwa ba kasafai yake dawowa ba, saboda haka jinkiri asara ne.

Wajibi ne malamai su koya wa ɗalibai cewa jini a jikin asuwaki alama ce ta zuwa asibiti. Shi kuma manomi, idan kaka ta yi, kuɗin masara da auduga suka shigo, ya ware na ganin likitan haƙori.