Ba Kowace Mantuwa Ce Gigin Tsufa Ba

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ran Laraba ya san kaifin hankalin dattawan dillalai. Mutum ne zai yi cinikin shanu ashirin, ba alƙalami ba takarda, la'asar na yi ya ba kowa haƙƙinsa, ko kwabo bai ɓata ba. To, ran da irin wannan dattijo ya fara rikita lissafi, ko ya riƙa manta raka'a nawa ya yi, sai iyali su ce gigin tsufa ne, wasu ma su ce sammu aka yi masa. Ba safai akan tuna da ƙoda ba, alhali kuwa wani lokaci can cutar take.

Binciken likitoci ya nuna cewa tsofaffi masu ciwon ƙoda sun fi tsararrakinsu saurin samun raunin tunani. Ƙoda da ƙwaƙwalwa duka da ƙananan jijiyoyin jini suke aiki, su kuwa hawan jini da ciwon sukari waɗannan jijiyoyi suke ci, watau abin da ya taɓa ɗaya ba ya ƙyale ɗaya. Sa'an nan ƙoda ita ce matatar jini. In ta gaza, dattin da ya kamata ya fita ta fitsari sai ya taru ya dagula hankali. Ita ce kuma ke fid da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini, shi ya sa mai ciwon yakan yi fama da ƙarancin jini da kasala.

Wannan magana ta shafi Jihar Yobe ƙwarai, domin shekara da shekaru ana kukan yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da Nguru da sauran garuruwan bakin kogi. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ƙarƙashin Dokta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa, kuma ciwon ƙoda yana cikin abin da cibiyar ta sa a gaba.

Babban hatsarin shi ne cutar biyu suna ƙara wa juna ƙarfi. Tsohon da ke mantuwa yakan tsallake maganin hawan jininsa, ko ya sha sau biyu. In jiki ya yi tsami ya aika jika kemis a sayo Diclofenac ko Ibuprofen, waɗanda yawan shansu ke ƙara raunana ƙoda. In har ta kai ga wankin ƙoda kuwa, galibi sau 3 ne a mako, kowane zama wajen awa 4, ɗawainiyar da ta karya gidaje da dama.

Saboda haka, kafin a yanke wa dattijo hukuncin ruɗewa, balle a karɓe harkokin dukiyarsa, lalle a kai shi asibiti a auna jininsa da sukari, a gwada fitsari da aikin ƙoda. Ciwon ƙoda ba ya yin sallama, yakan yi nisa kafin ƙafa ta kumbura. A gida kuma a sami mutum guda mai natsuwa ya riƙe maganin, shi ne zai riƙa bayarwa kan lokaci, a rage gishiri a miya, a bar jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Wanda ya riƙe lissafin gida shekara arba'in ya cancanci a riƙe masa lissafin maganinsa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.